Kafireto Uku a Kan Faifai

Ranar sadakar uku ina zaune a tsakar gida kusa da matar Yaya, wata dattijuwa daga unguwar gabas ta shigo ta yi gaisuwa yadda ake yi, ta yi masa addu'a mai kyau, sannan da za ta tashi ta ƙara da cewa, "Allah ya yafe masa wasan yaran nan da ya yi ta yi a dam." Matan da ke wurin suka ce amin baki ɗaya. Ni ban ce ba. Matar Yaya ta taɓa ni da gwiwar hannu don ta san halina, na haƙura albarkacin takabarta.

A waje ma, wajen maza, labarin da ya iso mana bai fi wannan daɗi ba. Wasu na cewa mutumin kirki ne in ban da jirgi. Masu son su kyauta masa kuma suka ƙirƙiro wata magana, wai ai ba wasa yake yi ba, gwajin kayan injin ban-ruwa yake yi saboda manoma. Wannan ta fi ɓata mini rai, domin ƙarya ce, kuma Yaya bai taɓa neman a yi ƙarya dominsa ba yana da rai. Gyaran injin ban-ruwa sana'arsa ce, da ita ya ciyar da gida. Jirgi kuwa so ne kawai, ya so abinsa bai kuma ɓoye ba. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, na koyar a firamare har na ajiye aiki, saboda haka na san riƙon biro. Zan rubuta shi yadda yake tun masu gyara masa suna ba su gama shafe shi ba.

Jirgin bai fi kamu uku ba. Da kwanon rufi ya ƙera shi, ya ɗora masa injin wani tsohon abin feshin magani irin wanda ake goyawa a baya. Ba mai shiga ciki, ba mai tuƙa shi. Akan ɗaure masa wutsiya da roba don ya miƙe, a tayar da inji, a sake shi daga wannan gaɓa ya nufi waccan, a wani lungu na dam ɗin da ke kusa da Bagwai. A hancinsa akwai doguwar gora, da ta taɓa tudu sai ta ture waya, inji ya mutu. Man da ake zuba masa cikin ƙaramin gwangwanin tumatir ne, babu ƙari. Wanda jirginsa ya riga taɓa gaɓa shi ya ci. Wanda nasa ya mutu a tsakiyar ruwa kuwa sai ya je ya roƙi masunci ya ɗauko masa, ga dariyar mutane.

Abokin tserensa ɗaya ne tun farko har ƙarshe, taubashinmu, ɗan kawunmu, mai gyaran babur a wani ƙauye ta wajen Dawakin Tofa. Da an kai amfanin gona gida sai ya ɗauro nasa jirgin a bayan keke ya taho, yana zagin Yaya tun daga ƙofar gari, Yaya na ramawa. Ni ban taɓa zuwa kallo ba, don ba wurin matan aure ba ne. Daga cikin gida nake jin ƙarar, kuma da daɗewa har na iya rarrabe muryar jirgin Yaya da ta na taubashi.

Ta hanyar turmi na shiga maganar jirgi. A shekarun nan na wahala, lokacin da fetur ya ɓace, maza ke kwana biyu ko uku a layi su dawo da jarka wayam, wanda ake samu a kwalba kuma rabinsa kananzir ne, albashinmu ya daina zuwa a kan kari, sai na koma yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Baƙin man da ake gaurayawa da fetur ma ya gagari talaka. Wata safiya Yaya ya shigo gidana da ƙwarya cike da 'ya'yan zurma da ya tsinko a shinge.

Ya ce, "Malama, ki matse mini wannan."

Na ce, "Yaya, cikin wa ya ɗaure?"

Ya ce, "Cikin jirgi."

Na ware tsohon turmi daban don kada ya haɗu da abinci, na soya, na daka, na dafa, na yaɗo masa mai rabin kwalba, ya riƙa gaurayawa da fetur a madadin baƙin mai. Tun daga ranar hayaƙin jirgin Yaya ya sami wani ƙauri da ba ya fita daga riga ko an wanke. Matarsa ta yi mita har ta gaji. Har yanzu in na wuce inda ake ƙona zurma sai na waiwaya.

Duk hankalinsa yana kan kafireto, wato ɗan ƙarfen nan da ke gauraya fetur da iska kafin inji ya sha. Yakan ce kwano kowa na iya lanƙwasawa, farfela kowa na iya ƙerawa, amma a kafireto ake cin tsere ko a faɗi. Yana da akwatin ƙarfe cike da su, tsofaffi ne duka, waɗanda ya tsinto daga matattun injina. Ranar zaɓen kafireto sai ya shimfiɗa buhu a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya jera su a kan faifai, ba ya son a yi masa magana.

Yakan fara da maƙogwaro. Ya zura ƙaramin yatsansa a ramin da iska ke bi, in yatsan ya shige har gaɓa ta biyu sai ya ajiye gefe, ya ce wannan ta fi ƙarfin inji, za ta cika masa baki ya kasa haɗiya. Sannan ya sa baki ya hura, ya kara a kunne. Masu kofi a gindi ba ya kallonsu ma, ya ce jirgi na rawa a kan ruwa, kofi na zubarwa. Masu fata a ciki yake so, irin na injin yankan itace, domin su ko an kifa su ba sa fasa ba da mai. Idan an yi gwaji sai ya kwance fulogi ya duba launinsa. Baƙi, ta cika ba da mai. Fari, ta hana. Abin da yake nema, in ji shi, launin ƙuli-ƙulin Malama ranar da ba ta yi fushi ba.

Har suna ya sa musu. Akwai Makwaɗaiciya, wadda ke shanye gwangwani tun ba a kai rabin ruwa ba. Akwai Marowaciya, wadda ke ƙona inji don ƙin ba da mai. Akwai Mai Haƙuri, wadda ya fi so, ba ta da ihu amma ba ta taɓa barinsa a tsakiya ba. Maganar da ya fi maimaitawa, wadda duk wanda ya tashi a gidan ya ji har kunnensa ya gaji, ita ce, "Ba a zaɓen kafireto a tudu. A tudu kowace ihu take yi, sai an sa farfela a ruwa ake sanin mai aiki." Shi ya sa yake shiga ruwa har gwiwa, ya riƙe jirgin inji na aiki, yana murɗa allurar mai a hankali, kansa a karkace yana saurare. In ya sami wurin da muryar ta yi daɗi sai ya ɗan ƙara buɗewa kaɗan, ya ce wannan guzurin hanya ne.

Taubashi kuwa mutumin babur ne, a wurinsa babba shi ne mai kyau. Kullum da kafireton babur yake zuwa, maƙogwaro kamar bakin tulu, ya tayar a gaɓa ƙara ta cika gari, a sake shi ya yi tari sau uku ya tsaya. Masunta sun san shi sarai. Wata shekara Yaya ya ji tausayinsa ya ara masa Mai Haƙuri. Shi kuma da ya je gida ya duba ramin da mai ke bi ya ga ya yi ƙanƙanta, sai ya ɗauki allurar ɗinki ya ɗan buɗa, wai yana taimako. Yaya da ba ya sa ƙarfe a wannan rami, sai gashin wutsiyar jaki. Da aka dawo masa da ita ya hura sau ɗaya, ya ajiye, ya shige gida.

Damina biyu ba su yi magana ba. Wannan abin kunya ne, don kowa ya san taubashi ba a fushi da shi, ko gonarka ya sa wa akuya sai dai ka rama da baki. Kawu ya yi magana, liman ya yi magana, ni ma na je na ce, "Yaya, a kan ɗan ƙarfe?" Ya ce, "Da sata ya yi da na yafe. Gyara ya yi." Laifi ne, kuma na faɗa masa laifi ne, Yaya yana da riƙo.

Watan Cika-ciki na shekara ta uku taubashi ya zo, tunda shi ke ba mu kuɗin shara bisa al'ada. Ni ya ba ni nawa da tsokana kamar kullum. Da ya zo kan Yaya kuwa sai ya miƙa masa wani abu a naɗe cikin ɓawon masara. Ashe tun lokacin yake bin wuraren 'yan tsofaffin kaya a cikin birni a kan keke, har ya samo irin Mai Haƙuri sak. Yaya ya buɗe, ya zura yatsa, ya hura, ya kara a kunne. Ya sake hurawa. Sannan ya ce, "Ba ta kai waccan ba. Shigo ka ci tuwo."

Wanda bai taɓa yafe wa jirgin ba shi ne babban ɗansa, kuma ba zan ce ba shi da dalili ba. A shekarar da wahalar mai ta fi tsanani yana sabon aure, ya shuka tumatir a bakin dam, amfaninsa na farko da sunan kansa. Ya yi kwana biyu a layin mai saboda injin ban-ruwa bai samu ba, ya dawo ya tarar ganye ya fara lanƙwashewa, ga mahaifinsa can cikin ruwa yana murɗa allura.

Ya ce, "Baba, tumatirina yana mutuwa, kai kana ƙona mai a ruwa."

Yaya ya ce, "Wannan gwangwanin ba zai jiƙa maka kunya ɗaya ba."

Gaskiya ya faɗa, amma ba ita ce amsar da ake ba ɗa a irin wannan rana ba. Washegari da asuba Yaya ya sari itace ya kafa jigo irin na da a bakin gonar, ya yi mako uku yana ɗebo ruwa da ƙarfin kafaɗarsa, har wani sashe ya tsira. Daga nan bayansa bai ƙara miƙewa daidai ba. Da baki kuwa bai taɓa cewa a yi haƙuri ba, ɗan ma bai taɓa cewa ya gode ba. Ya bar noma ya koma Dawanau yana sayar da hatsi, Allah ya buɗa masa, ya je Makka, amma in an ambaci jirgi a gabansa sai ya tashi.

Na tambayi Yaya a lokacin me zai hana ya ajiye abin nan har duniya ta yi sauƙi. Ya ce, "Malama, an hana mu mai, an hana mu taki, an hana mu sukarin shayi. Wannan gwangwanin ɗaya nawa ne. Ba zan miƙa shi ba tun ba a tambaye ni ba." Ban ƙara yi masa maganar ba, na ci gaba da matse zurma.

Ciwon ajali ya same shi ana tsakiyar yankan gero. Kafin ya kwanta ya riga ya kwance jirgin ya wanke, ya fitar da kafireto uku ya jera a faifai don tseren bana, bai kai ga zaɓa ba. Haka faifan ya zauna a zaure, an rufe da tsumma, har aka fita da gawar Yaya.

Washegarin sadakar bakwai na fito da hantsi na ga mai sayen gwangwan da amalankensa da sikelinsa a ƙofar gida, an fito da jirgin da akwatin an ajiye a ƙasa. Babban ɗan yana tsaye cikin farar shadda. Na tafi kai tsaye na zauna a kan akwatin.

Ya ce, "Gwaggo, don Allah ki tashi. Tarkace ne. Kin ji abin da mutane ke faɗa, so nake a tuna da shi da mutunci."

Na ce, "Na san ba ni da gado a nan, akwai 'ya'ya maza. Naka ne, ka sayar. Amma sai dai ya auna har da ni."

Mai gwangwan ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar da ba ta kwance ba. Maƙwabta suka fara leƙowa. Ni kaina ban san abin da zan yi bayan wannan ba, zuciya ce ta zaunar da ni, kuma na san in rana ta yi zafi dole na tashi.

Ana cikin haka sai ga taubashi yana turo keke, don yanzu idonsa ba ya barinsa ya hau, ga jirginsa ɗaure a baya. Kwana bakwai yana zaune a wurin makoki bai yi tsokana ko ɗaya ba. Ya jingine keken ya dube ni.

Ya ce, "Malama, ƙwai kike kwanci?"

Na ce, "Naka nake jira ya fashe."

Ya juya wajen ɗan ya ce, "Alhaji, ubanka ya gudu ne don ya san bana zan kayar da shi. Mun sa rana, ranar ta zo. Ka ara mini jirgin zuwa azahar, in na gama kunyata shi ka sayar da abinka."

Ɗan ya ce, "Baba, ko kafireto babu a jiki. Bai zaɓa ba."

Taubashi ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne."

Ya shiga zaure ya fito da faifan, ya yaye tsumman, ya tsuguna yana shafa su da hannu. Ya wuce ta farko, ya wuce ta biyu, ya ɗauki mafi girma, wadda babban yatsa ma zai shige maƙogwaronta. Ya ciro sifana daga aljihu ya fara ɗaurawa, yana cewa, "Yauwa, yau jirgin nan zai san ya sami mai gida. In ramin man ya yi kaɗan ma ina da allura."

Ina kallon ɗan. Ya kau da kai, ya dubi mai gwangwan, ya dubi ƙasa. Noti na farko ya shiga. Da taubashi ya kama na biyu sai na ji murya ƙasa-ƙasa.

"Ba wannan ba."

Taubashi bai ɗago ba, ya ce, "Me ka ce?"

Ya ce, "Ba wannan ba, Baba. Wannan a tudu take ihu, tana shiga ruwa za ta shaƙe shi." Ya tattare shaddarsa ya tsuguna, ya karɓi sifanar, ya ɗauki ƙaramar ta tsakiya, wadda ta zo cikin ɓawon masara shekarun baya. Ya zura ƙaramin yatsansa, ya hura, ya kara a kunne. Kansa ya karkace daidai yadda na ubansa ke karkacewa, har sai da na runtse ido. Bai dubi kowa ba ya ce, "Gwaggo, akwai sauran man zurma?"

Akwai. Tun kafin Yaya ya kwanta na matse shi.

Ranar ce na fara zuwa bakin dam kallon tsere, da tsufana, ina biye da maza, kwalba a hannu. Wasu sun yi gunaguni wai ko arba'in ba a yi ba, na ce musu ba kiɗa za a yi ba, alƙawari za a cika. Ɗan ya cire takalmi ya shiga ruwa da farar shaddarsa har gwiwa, ya ja igiya sau uku inji ya kama. Ya sa farfela a ruwa, yana murɗa allura, yana saurare. Da muryar ta daidaita na gane ta tun kafin ya ɗago, ita ce wadda na shekara da shekaru ina ji ta saman katanga. Ya ɗan ƙara buɗewa kaɗan. Taubashi ya tayar da nasa, ƙara ta cika wurin, aka sake su tare.

Na taubashi ya yi gaba da farko, yana watsa ruwa, ya kai tsakiya ya yi tari ya tsaya. Na Yaya ya zo ya wuce shi ba gaggawa, hayaƙinsa na bin bayansa, ƙaurin zurma ya iso mana har gaɓa. Ashe haka yake tafiya, hanci a ɗage, ya miƙe sak. Ya yi ta ƙanƙancewa har gorar ta taɓa tudun can, ƙarar ta ɗauke.

Taubashi ya daɗe yana kallon wajen, ko da yake na san ba ya hango komai. Ya ce, "Mugu. Ko a kabari ba ka bar ni ba." Sai ya zauna a cikin laka ya ja hularsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Ɗan yana tsaye a ruwa bai fito ba. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Gwaggo, a sallami mai amalanken."

Jirgin yana rataye a zaure yanzu, akwatin na ƙarƙashinsa. Ina kewar Yaya fiye da yadda na zata, har da faɗansa. Wanda zai yi masa addu'a ya yi, yana bukata. Ya roƙa masa gafarar riƙon da ya yi wa ɗan'uwa damina biyu, da amsar da ya ba ɗansa a bakin ruwa, da kalmar haƙuri da ya mutu bai furta ba, a kan waɗannan zan ce amin da ƙarfi. Allah ya haskaka masa makwanci, ya sa ya iske gaɓar can lafiya. Amma duk wadda ta sake sa jirgi cikin jerin laifuffukansa a gabana, ta nemi mai amsa mata a wani gidan.